Saniyar Amana a Gidan Mahauci

Jikokina suna son ruwan farko. Da hadari ya haɗo daga gabas sai su tuɓe riguna su fita tsakar gida suna tsalle, uwarsu tana bin su da faɗa. Ni kuwa ɗaki nake shigewa in ja ƙofa. Sun ɗauka tsufa ne, ko tsoron tsawa, na kuwa bar su a haka. Ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko ne ba na so, tun shekarar da kogin Yamai ya tsaya.

A lokacin muna zaune a bakin gari, wajen da yanzu ake kira Dar es Salam. Yau in ka je can sai gidajen siminti da shaguna da hayaniyar taksi, amma mu da muka tare babu komai sai gidajen laka jefi-jefi da gonakin gero a tsakaninsu. Ni haifaffiyar Yamai ce, Zabarmanci na sha a nono. Hausata a kasuwa na tsince ta, a gefen tiren uwata, aure ya ƙarasa mini ita. Maigidana Ba'are ne daga wajen Dogon Dutsi, mahauci, yana da teburinsa a Petit Marché. Tun yana ƙarami aka kawo shi birni wajen kawunsa ya koyi fawa, ko akuya bai taɓa kiwo ba. Amma in ya dubi sa a tsaye, zai faɗa maka kitsen da ke cikinsa tun ba a kayar da shi ba. Ban faɗi sunansa yana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu da yake ƙasa ba.

Yana da wani aboki Bafulatani, dogo siriri, wanda ya yi shekaru yana kawo masa bijimai daga arewacin Filinge. Arawa da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. In suka haɗu, kafin gaisuwa sai an sha zagi. Maigida ya ce masa ɗan daji wanda bai san amfanin ƙofa ba, shi kuma ya ce wa maigida mai jan hannu, wanda ƙudajen Yamai suka fi kowa sani. In ya sauka gidanmu ba ya yarda ya shiga ɗaki, kuma ba ya kai loma baki muddin ina wajen. Sai in ajiye masa kwano in ɓace.

Damina ta zo ta yi ƙaryar zuwa. An yi shuka, gero ya fito, ya kai idon sawu ya tsaya yana jiran ruwa, har rana ta ƙone shi a tsaye. Tun kafin sanyi ya shigo shanu suka fara kwararowa birni ta hanyar Filinge da ta Wallam, garke bayan garke, ba kuka ba gudu, sai ƙarar kofato da ƙaho yana bugun ƙaho. Masu su suna biye, da mata da yara da tabarmi a kan jakuna. Suka kafa bukkoki a bayan unguwarmu, inda gari ya ƙare. Saniya ta koma ba ta sayen buhun gero. Mutane suka ce ai shekarar mahauta ce, sun sami banza. Ni da nake wanke wa maigida riga na san ba haka abin yake ba. Yakan dawo daga abatuwar, mayankar gari, ya zauna gefe guda. In na matsa masa, sai ya ce yau ma ya buɗe tumbin saniya ya tarar da yashi da tsumma da guntun igiya.

Sojoji ke mulki a lokacin. Ba a faɗin kalmar yunwa da ƙarfi. In hira ta biyo ta kan gwamnati sai ka ga mutum ya waiga, ya rage murya, ko da a cikin ɗakinsa yake. Ba zan ce ba su kawo abinci ba. Sun kawo wata jar dawa daga ƙasashen waje, ana sauke ta daga kamiyo, manyan motocin kaya, a wani fili kusa da mu, muna yin layi tun da safe, soja yana tsaye da bulala yana gyara layin. Tuwonta yana da bauri, yara suna ci suna yamutsa fuska, amma suna ci.

Wata ranar hantsi ina tankaɗe sai na ji sallamar Bafulatanin. Maigida bai fita kasuwa ba ranar. Ya leƙa yana dariya tun daga zaure.

"Bawa ya zo gaida ubangiji nai. Shigo mana, ƙofa ba ta cizo."

Bai rama ba. Wannan ya sa na ajiye rariya na leƙa ta jikin zana. Yana tsaye riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, ƙashi da fata, tana ɗingisa ƙafar baya. Shi kansa ya zube, rigarsa tana lilo a jikinsa.

"Gurma za ni da sauran," ya ce. "In Allah ya yarda har ƙasar Bene. Wagga ba ta iya tahiya. Kakarta ce uwata ta ba ni ran da anka raɗa mani suna. Habbanaye na kawo maka."

Maigida ya daina dariya. "Kai ko kana da hankali? Mahauci za ka ba ajiyar saniya?"

"Duk wanda na sani daji, ko shina tahiya ko ya mutu. Kai ɗai ka da katanga."

Ya miƙo igiyar. Maigida ya ɗan tsaya yana kallonta, sannan ya karɓa da hannu biyu.

Daga baya na san abin da habbanaye yake nufi. A wajen Fulani, in ɗan'uwanka ya rasa dabba, sai ka ɗaura masa saniyarka ya riƙa. Ya sha nononta, in ta haihu maruƙan nasa ne, uwar kuma ta koma gidansu. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ko sanda ba a ɗaga mata. An fi kula da ita a kan shanun mutum na kansa. Mu dai ba mu rasa dabba ba, tunda ba mu taɓa samu ba. Roƙo mutumin nan ya zo yi, bakinsa ya kasa furta roƙo, sai ya mai da shi kyauta.

A ranar ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne baki na shida a gidan da bakuna biyar suke kokawa da tukunya ɗaya. Yana fita na tare maigida.

"Maigida, mu da muke haɗa dusa cikin tuwo, me za mu ba wannan?"

"An riga an sa mani igiya ga hannu."

"Sai ka buɗe hannun."

"Ke ba ki san abin ga ba. Rai nai ya bar mani, da rai zan maida mai."

Na yi tsaki na koma kan rariyata. Ya kafa turke a gindin katangar gabas, inda inuwa take daɗewa da safe, ya ɗaure ta.

Ni na sa mata suna Hajiya, don tana zaune ana kawo mata. Dusar da nake ragewa in ƙara auki a tuwo, aka raba biyu. Ruwan da nake ɗaukowa daga famfo bayan dogon layi, tulu ɗaya ya zama nata. Maigida yakan tashi daga kasuwa ya bi masu kayan miya yana tsintar ɓawon kabewa da ganyen da ya yi yaushi. Ya koyi jiƙa kwali da ruwan kanwa da gishiri, ta kuwa ci, tana lumshe ido. Ranar da ba kasuwa sosai sai ya hau kekensa har Tondibiya ya sayo burgu, ciyawar bakin kogi, ya ɗauro ta a baya ya dawo yana haki. Mutumin da ko tsintsiya bai taɓa ɗagawa a gidan nan ba, sai ga shi yana share kashin saniya yana tambayata ko na ga ya yi ruwa-ruwa yau.

Matar Bafulatanin ba ta bi shi kudu ba. Ta zauna da yaranta a bukkokin bayan unguwa. Da la'asar takan zo, ta yi sallama a hankali, ta wuce ni ta tafi gindin katanga ta zauna kusa da saniyar tana cire mata kaska tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ba ta jin Zabarmanci, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ni kuma ba na jin Fulatanci. In na ba ta tuwo sai ta ƙulle a gefen zane. Na saba da zuwanta har nakan ajiye mata tabarma. Wata safiya muka ji ƙugin kamiyo a bayan unguwa. Sojoji ne suka zo kwashe mutanen bukkoki, an ce za a kai su inda aka gina rijiyoyi su yi noman rani. Kafin azahar wajen ya zama fili, sai duwatsun murhu da toka. Ban san inda aka kai ta ba, ba kuma wanda zan iya tambaya. Da la'asar saniyar ta yi ta kallon ƙofa.

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba. Burgu ya ƙare a Tondibiya, don ruwan da yake tsirowa a ciki ya janye ya bar laka, lakar ta tsage. Maigida ya dawo wata rana da keke ba kaya, ya ce in zo in ga abin da ya gani. Muka je bakin gada. Kogin da uwata take hana mu kusanta, wanda yake cin mutum kowace shekara, ya zama yashi da ƴan kududdufai. Mutane suna ƙetarewa da ƙafa a ƙarƙashin gadar, wasu da takalmansu. Jiragen masunta suna kife. An tare ɗan ruwan da ya rage da ƙasa don gari ya sami na sha. Tsofaffin Zabarmawa suna tsaye a gaɓa suna kallo. Na ji tsoro ranar, irin tsoron da mutum yake ji in ya ga babba yana kuka.

Ɗana na biyu, wanda ya yi lakwal, karatun boko mai zurfi, yakan ce mini hayaƙin masana'antu da motocin manyan ƙasashe ne ya ɗumama sama, damina ta rikice, yau ta ƙi zuwa, gobe ta zo gaba ɗaya ta rushe gidaje kamar yadda take yi mana yanzu. Ban musa masa ba, shi ya yi karatu. Haushi dai nake ji in na tuna mutanen da ba su taɓa jin sunan Filinge ba suna da hannu a abin da ya sami shanunta. Amma ni ma na ga namu gatarin. Ina yarinya, daga bakin gari zuwa Tondibiya gawo ne da kalgo da sabara, har ana tsoron kura. Raƙuma da jakuna da kamiyo suka yi ta shigo da su birni guntu-guntu, mu kuma muna saye muna hurawa a murhu. A shekarar farin, ƴan itatuwan da suka rage makiyaya suka sassare rassansu don dabbobi. In iska ta taso ba abin da yake tare ta.

A tsakiyar bazarar saniyar ta daina iya tashi da kanta. In ta kwanta, sai an ɗaga ta, in kuwa aka bar ta a kwance ta wuni, shi ke nan. Kowace safiya bayan salla maigida ya kama wutsiya, ni in kama ƙahoni, maƙwabta biyu su zura taɓarya a ƙarƙashin cikinta, a yi bismilla a ɗaga. Takan tsaya tana rawa, ta hura mini numfashi mai ɗumi a wuya. A nan ne ta shiga raina, ban san ranar ba. Na dai tsinci kaina ina ɓoye mata ruwan tsari, ina kuma yi wa yara faɗa in sun yi mata hayaniya. Ina ce mata Hajiya har yanzu, amma ba da baƙar magana ba.

A lokacin shanun da suka cika gari sun ƙare, an yanke na yankawa, sauran sun mutu a hanya. Nama ya yi wuya har a teburin mahauta. Abokan sana'arsa suka fara zuwa suna leƙa katangarmu. Wani ya ce ai mai ita ya mutu a Gurma, wa ya taɓa dawowa. Maigida ya ce in ya mutu yana da ɗiya. Daga nan bai ƙara barin kowa ya shigo da wannan magana ba.

Sai ruwa ya zo. Da rana tsaka ya zo, da iska da ƙura a gaba, sannan ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Muka fita duka muka tsaya a ciki, manya da yara, mata suna guɗa. Maigida ya tsaya kusa da saniyar, ruwa yana zuba a kansu su biyu, yana shafa wuyanta yana cewa ta sha da ƙyar, ta ƙetare. Ni ma haka na ɗauka. Ko'ina a unguwa in aka gan shi sai a ce masa barka da arziki.

Bayan ƴan kwanaki ƙasa ta fara kore. Ciyawa ba ta kai a kama da baki ba tukuna, sai wuri ɗaya. A filin da ake rabon jar dawa, duk da sharar da mata suke yi suna tsince abin da ya zube, yashi ya ɓoye wasu ƙwayoyin. Su ne suka tsiro a cunkushe, kore shar, sun fi komai tsawo a duk unguwar. Maigida ya gani a hanyarsa ta dawowa, ya shigo gida fuskarsa kamar an yi masa albishir. Washegari da safe ya shirya zai tafi kasuwa, wuƙarsa a kube a ƙugu, ya ce bari ya fara kai Hajiya ta karya kumallo da abin da ta daɗe ba ta gani ba. Ya kwance ta daga turke, karo na farko tun da aka kawo ta. Ta fita tana ɗingishi, yarana suna biye suna tafi. Na tsaya a ƙofa ina dariya, na koma kan dakana.

Ban gama surfe ba babbar ɗiyata ta shigo da gudu ta ce in zo, Hajiya ta faɗi.

Na tarar da ita kwance a kan gefe cikin tsiron dawar, cikinta ya kumbura, kumfa a baki, tana jan numfashi da ƙarfi, ƙafafunta suna shure-shure. Mutane sun taru. Wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, sa wuƙa tun da sauran rai." Wasu suka ce haka ne, a yi sauri kada ta yi mushe. Ni ma na ce, "Maigida, yanka ta." Na faɗa, don na ga idonta, na san ba tashi za ta yi ba.

Ya kai hannu ga kuben ya taɓa. Mutumin nan ya kayar da bijiman da ba su ƙirguwa. Ya janye hannun, ya zagaya bayanta ya kama wutsiya.

"Kama mani ƙahon," ya ce.

"Maigida, ba za ta tashi ba."

"Kama mani ƙahon, in ce."

Na kama. Ya yi bismilla ya ɗaga, ya sake ɗagawa, jijiyoyin wuyansa sun fito. Ba wanda ya kawo taɓarya. Ina riƙe da ƙahonin na ji nauyin kan ya sauko mini a hannu gaba ɗaya. Dattijon ya yi salati ya juya, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suna magana ƙasa-ƙasa.

Na ji haushinsa ranar, haushin da ban taɓa ji ba a zamanmu. Nama ne da zai ishi layinmu duka, a lokacin da yaran mahauci suka manta ɗanɗanon romo, ya bar shi ya zama na ungulu, da wuƙa a ƙugunsa. Kuma na ji baƙin cikinta, har na rasa wanne ya fi ci mini rai. Wata tsohuwa mai tallar nono ta gaya mana daga baya cewa tsiron dawa guba ne ga saniya, balle wadda cikinta ya daɗe bai ga ɗanye ba. Makiyaya busasshe suke fara cika musu ciki da shi, sannan su bar su su taɓa ɗanyen kaɗan-kaɗan. Maigida ya saurare ta har ta gama. Ya san kowace jijiya a jikin saniya, wannan ne kawai ba wanda ya taɓa gaya masa.

Tsohuwar ce kuma ta ce kada ya yar da fatar. In dabbar amana ta mutu, ana nuna wa mai ita fatarta da kunnuwan a jiki, ya ga tsagar gidansu, ya san ba sayarwa aka yi ba. Tun ranar da abin ya faru maigida ya riga ya feɗe ta, shi kaɗai, a hankali, bai huda ko wuri ɗaya ba, ya bar kunnuwa da wutsiya, ban san me ya sa ba. Gangar jikin aka ja da jaki zuwa bayan gari. Ya shanya fatar, ya sa mata gishiri da toka, ta bushe ya rataye ta a zaure. Na yi kwanaki ba na yi masa magana sai ta dole. A kasuwa suka sa shi gaba, wai mahaucin da saniya ta mutu a hannunsa yana neman ɗaga ta. Da can shi ne mai bakin da ba a iya masa. Yanzu sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sara.

Damina ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Gero ya yi, kogi ya dawo ya cika gaɓarsa kamar bai taɓa yin komai ba. Turken yana nan a gindin katanga, ba wanda ya tuge shi. In maigida ya ga dogon mutum da malfa da sanda a kafaɗa daga nesa, sai ya tsaya cak har mutumin ya wuce. Ban sani ba ko fatan dawowarsa yake yi ko tsoronta.

Bayan an yanke gero, wata ranar la'asar, muna tsakar gida, yana alwala ina tsince shinkafa, sai muka ji wani kira daga bayan katanga. Ba sallama ba ce. Kira ne mai tsawo daga maƙogwaro, ƙarshensa yana hawa sama, da wata kalma a ciki ana maimaita ta. Sunanta ne. Duk zaman da ta yi da mu ba mu taɓa sanin tana da suna ba. Ya kira, ya saurara. Ya sake kira. Butar tana hannun maigida, ruwa yana zuba a ƙasa bai sani ba. Sai can muka ji sallama.

Bafulatanin ne ya shigo, ya ƙara ramewa, da sabuwar igiya a naɗe a kafaɗarsa, irin wadda suke tuƙawa da hannunsu. Idonsa ya tafi gindin katanga, ya ga turken, ya dawo. Na shimfiɗa masa tabarma. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, ina gida, ina yara, ina gajiya, ina aka ji da damina, kowace tambaya ana cewa lafiya lau. Na kawo ruwa ban tafi ba, bai kuma damu da tsayuwata ba.

Shi ya fara ba da labari. Sun kai kudu, can akwai ciyawa amma ba irin tasu ba, ga ƙudan da ke kashe shanu. Waɗanda yunwa ta bari a hanya, ciwo ya ƙarasa su. Ya dawo da sanda kawai. Ya yi ta tambaya har ya gano iyalinsa a wani lambu, inda kamiyon ya sauke su, matarsa tana ba kabeji ruwa da gwangwani. Ya ce musu su ƙara haƙuri, zai je Yamai ya zo da saniya, da ita za a sake farawa.

Maigida ya tashi ya shiga zaure ya fito da fatar. Ya shimfiɗa ta a gabansa, ya tsuguna.

"Ta kai damina," ya ce. "Ni na kashe ta. Ni na kai ta ga tsiron dawa da hannuna, ban sani ba. Kuma ban sa mata wuƙa ba."

Bafulatanin ya kama kunnen ya duba tsagar. Ya shafa bayan fatar daga wuya har wutsiya, yadda gashin ya kwanta. Ya daɗe a haka. Na jira ya yi faɗa, ko ya yi kuka, ko ya ce wani abu a kan Allah da ƙaddara. Da ya ɗago, maigida ya kalla.

"Ta ci da yawa?"

"Ta ci."

"Ɗanye?"

"Ɗanye shar."

Ya gyaɗa kai. "Sauran da sunka faɗi ga hanya, da yashi ga baki sunka mutu. Uwatta ma haka. Ita ko ta ga damina, ta ci ɗanye." Ya janye hannunsa daga kan fatar. "Na gode, Ba'are."

Maigida ya rufe fuska da hannu biyu. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ban kuma sake gani ba.

Baƙon bai yarda ya kwana ba, ya ce suna jiransa. Ya naɗe fatar, ya sauke sabuwar igiyar daga kafaɗa ya ɗaure ta da ita tam, ya ɗora a ka. Maigida ya raka shi. Na tsaya a ƙofa ina kallonsu suna bin hanya tsakanin karan gero. Hannun baƙon ɗaya yana riƙe da kayan a ka, ɗayan kuma yana baya, a ɗan miƙe, yadda mai jan saniya yake tafiya.